Motata, Surukata da Ƙarin Garanti

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da motata ta tona min asiri a tsakiyar Birmingham ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ko yau in ina cikin gosulo na ji waya ta yi ƙara a motar da ke gefena, sai ranar ta faɗo min a rai.

A lokacin muna zaune a Old Trafford, cikin Manchester, ni da matata Sakina da 'yarmu Hanifa. Ina aiki a council, wato hukumar birnin, a sashen hanyoyi, shi ya sa duk Hausawan garin ke ce min Injiniya. (Gaskiyar magana, rabin aikin amsa ƙorafin ramukan titi ne, amma ban taɓa gyara wa kowa sunan ba.) Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Yau a rufe laburaren unguwa, gobe a haɗe ofisoshi biyu, jibi ka shigo ka tarar teburin abokin aikinka wayam. Duk muna gani, amma kowa na ɗauka a kan na gefensa abin zai faɗa.

Tsohuwar motarmu kuwa ta riga ta gaji da duniya. In aka kwana biyu ana ruwa (a Manchester kusan kullum ke nan) sai ta ƙi tashi. In fito da rigar sanyi a kan jallabiya ina tura ta, Sakina na riƙe da sitiyari, maƙwabcinmu na leƙe ta taga da kofin shayi a hannu. Sakina na aiki a kemis, ni ina council, mun daɗe muna tari. Ranar da muka ga tallar sabuwar mota da za a riƙa biya kaɗan-kaɗan ba tare da kuɗin ruwa ba, muka kalli juna muka ce Allah ya kawo lokaci.

A wurin sayar da motocin, wadda ta zaunar da mu don cike takardu wata baturiya ce mai suna Denise. Za ta yi sa'ar babbar yayata, ga fara'a, irin matan Manchester ɗin nan da kowa a bakinsu "love" ne, daga mai kawo wasiƙa har direban bas. Ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce motar na da garantin kamfani na shekara uku, duk abin da ya lalace a ciki su za su gyara. Amma akwai ƙarin garanti da mutum zai iya saya, wanda zai ɗora daga inda na kamfanin ya tsaya. Ta ce motocin yanzu cike suke da kwamfuta, ɗan ƙaramin abu in ya mutu sai ya cinye albashin wata.

Sakina ta taɓa ni, ta ce da Hausa, "Baban Hanifa, ko mu karɓi takardar mu je gida mu duba?"

Ni kuwa ƙamshin sabuwar mota ya riga ya hau min kai. Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na sanar da Denise cewa ni injiniya ne, na san yadda ake ƙera abubuwa. Na ce mata in motar mai kyau ce ba ta buƙatar ƙarin garanti, in kuma ba mai kyau ba ce me ya sa suke sayar min? (Wannan maganar ta burge ni ƙwarai. Sai da na maimaita ta, don kada ta wuce ba a lura da ita ba.) Denise ta yi murmushi ta ce ba komai, in na sake shawara in dawo. Na ce ba zan sake ba.

Da a nan na tsaya, da ba ku ji wannan labarin ba. Amma a ƙarshen watan muna da zaman da Hausawan Manchester ke yi a wani ɗakin taro da muke haya a Moss Side. A ci shinkafa da miya, a gaisa, a yi gardamar siyasar gida, yara kuma su yi ta tsalle-tsalle suna turancin da ko mu iyayensu sai mun kasa kunne muke ganewa. Na ajiye motar daidai bakin ƙofa, inda duk mai shiga sai ya kewaye ta. Aka fito aka yi min Allah ya sanya alheri, aka buɗe but, aka shinshina kujeru. Wani ya tambaya ko na sayi ƙarin garanti. Ai kuwa kamar jira nake.

Na yi musu lacca. Na ce garantin nan dabara ce ta tatsar mutane, tsoro kawai suke sayar wa jama'a. Na ce mutum mai hankali ya ajiye kuɗinsa a aljihunsa. Da na ga ana gyaɗa kai, sai na ƙara da ɗan wa'azi, na ce mu da muka san tawakkali ai bai kamata takardar bature ce za ta sa mu barci ba.

A cikin masu saurarena akwai Auwalu, wani ɗalibi ɗan Gusau da ke digiri na uku a jami'a, a kan tallafin karatun da wani lokaci ya zo, wani lokaci a yi ta jira. Mutum ne mai sanyin hali, yana zaune a wani ƙaramin flat da matarsa da jaririnsu. Bai daɗe da sayen wata mota ta hannu ba. Ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya Injiniya, ni ma fa an yi min tayin garanti na shekara ɗaya. Sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen mako."

"Kar ka soma," na ce masa.

"Motar dai ta ɗan kwana biyu, Yaya."

"Auwalu, ni da kai wa ya san inji?"

Ya ce ni ne. Ban tsaya na tambayi shekarun motar ba, ban tambayi tafiyar da ta yi ba. Bai saya ba.

Ba a jima ba aka kira mu taro a ofis. Shugabar sashenmu ta tsaya tana karanta takarda, ba ta kalli idon kowa ba. Ta ce za a sake fasalin sashen. Ma'anar maganar ita ce kowa zai sake neman aikin da yake yi, kuma kujerun ba za su ishe mu ba. Nan da 'yan watanni za a san mai zama da mai tafiya. Na fito waje. A filin ajiye motoci na tsaya ina kallon motata tana ƙyalli, a karon farko na ga ba mota ba ce, bashi ne mai taya huɗu.

Na koma gida da niyyar faɗa wa Sakina. Na tarar da ita a kan kujera tana rataya labule a ƙaramin ɗaki, domin mahaifiyarta, Hajiya, za ta zo mana ziyara daga Kano, zuwanta na farko Ingila. Tana rataya labulen tana 'yar waƙa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa faɗa mata. Na ce sai gobe. Goben ta yi ta zama gobe.

Ana cikin haka motar Auwalu ta mutu a tsakiyar shataletale, matarsa da jariri na ciki. Bakanike ya duba ya ce giya ce ta tafi gaba ɗaya, kuɗin gyaran ya kusa kamo abin da ya sayi motar. Shi da kansa ya kira ni ya faɗa min. Ina ta jiran ya tuna min laccata, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙaddara ce, Yaya, ba komai." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Daga ranar na fara jin ƙara a motata, ƙarar da babu mai jin ta sai ni. In kashe rediyo, in karkata kai, in ce wa Sakina, "Kin ji?" Ta ce ba ta ji komai ba. A zuciyata kuwa lissafi ɗaya ne: babu aiki, ga bashin mota, sannan giya ta tafi. Wata rana da hutun cin abincin rana na tsinci kaina a gaban teburin Denise.

Ba ta tuna min komai ba, baiwar Allah. Ta kawo min shayi da biskit. Har yau ban san yadda aka yi ba, amma shayin nan ya buɗe min baki. Maganar da na kasa faɗa wa matata a cikin ɗakina, na zazzage wa mai sayar da mota ita tas: taron ofis, kujerun da ba za su isa ba, surukar da ke tafe, har da Auwalu da giyarsa. Ta saurare ni, ta ce mijinta ma an taɓa sallamar sa daga aiki, kuma ga shi sun rayu. Ta nuna min garantin kala uku, ƙarami da matsakaici da babba. Ta ma ce a ganinta ƙaramin ya ishe ni, kuma ba dole sai yau ba. Na ce babban nake so, kuma yau. (Mutumin da ya yi wa'azin tawakkali ke nan.) Na biya daga ɗan asusun da nake tara kuɗin jirgin zuwa gida. Da zan tafi na sassauta murya na ce don Allah kada a aika takardun gidana, a aika ofis, ba na son madam ta gani. Ta ce in kwantar da hankalina.

A makon ne Hajiya ta sauka. Mace ce mai kwarjini, ba ta da yawan magana, irin surukar da in ta kalle ka sai ka duba ko maɓallin rigarka a ɓalle yake. Ranar Asabar kuma akwai ɗaurin aure a Birmingham, na 'yar wani likita ɗan uwan su Sakina da ke zaune a Sparkhill. Angon abokin Auwalu ne, Auwalun kuma ba mota, don haka na ce ya biyo mu. Muka ɗau hanya: ni a sitiyari cikin babbar riga mai sitati, Auwalu a gefena, a baya Hajiya da Sakina da Hanifa a tsakiyarsu.

Tafiyar ta yi daɗi. Na nuna wa Hajiya yadda kujera ke ɗumama da kanta, ta ce ikon Allah. Na nuna mata muryar da ke faɗa wa mutum hanya, ta ce ita wannan matar ba ta gajiya? A wajen tsakiyar hanya Auwalu ya shafa gaban motar ya ce, "Kai, sabuwa daban ce. Ita ma dai ba ka saya mata garantin ba ko, Yaya?"

Ga dama Allah ya ba ni in yi shiru, ko in yi tari, ko in ce a duba min hanya. Me na ce?

"Allah ya kiyaye!"

Hajiya ta tambaya mene ne garanti. Na yi mata bayani a taƙaice, na ce wata hanya ce da turawa ke cutar matsorata.

Muka shiga Stratford Road muka tarar da gosulo irin na Asabar. Shagunan yadi da na gwal a jere, ƙamshin gasasshen nama na shigowa, mutane na tsallaka titi ta ko'ina kamar a bakin kasuwar Kwari. Muna tafiya muna tsayawa, sai ƙarar waya ta cika motar. Wayata a haɗe take da lasifikar motar, ita kanta kuma tana can cikin aljihun wando, ƙarƙashin babbar riga, ƙarƙashin bel ɗin kujera. Lambar ba suna. Na ɗauka 'yan ɗaurin aure ne ke neman jin inda muke. Na ɗan waiga na ce, "Hajiya, ki ga wani abin kuma. Ba sai na taɓa waya ba." Na danna madannin da ke jikin sitiyari.

"Hiya, love!" in ji wata murya mai cike da fara'a, ta fito ta kowace ƙofa, gaba da baya. "Denise ce, daga wurin motoci!"

Na ji kamar an watsa min ruwan ƙanƙara. Na danna wani madanni don in kashe, sai muryar ta ƙara ƙarfi. Na sake dannawa, ta ƙara. Na finciki wani ƙarfe a gefen sitiyari, sai waifa ta hau share busasshen gilashi. Ita kuwa Denise ta ci gaba da turancinta, a tsanake, kowace kalma tar.

"Game da ƙarin garantin nan da ka saya ne, babban nan mai komai da komai. Na tuna ka ce kada a aika takardun gida don kada madam ta gani. To ga su a gabana, har na rubuta adireshin ofis, sai kuma na tuna ka ce ƙila kafin ƙarshen shekara ba ka council ɗin. In aika can ɗin duk da haka, ko ka biyo ka karɓa da kanka? Yaya maganar aikin ma, an ce wani abu? Ka tsaya min a rai fa, love."

Na buɗe baki, abin da ya fito wata 'yar siririyar murya ce da ban san ina da ita ba. Na ce zan kira ta.

"Au, tuƙi kake? Yi haƙuri! A gaida 'yarka Hanifa. Sai an jima, love!"

Ta kashe. Ita ce ma ta kashe, ni ban iya ba.

Motar ta yi tsit, ban da waifar da ke ta kai da komo tana ƙiiƙ, ƙiiƙ a kan gilashi. Gumi ya karyo min tun daga ƙarƙashin hula. Ban yarda na kalli madubi ba, domin na san idon da ke jirana a ciki. Direban da ke bayana ya danna min hon, na matsa gaba kaɗan.

Sai Hajiya ta yi gyaran murya. "Me baturiyar take cewa ne? Na ji tana ta lob, lob."

Ta juya wajen Auwalu.

"Auwalu, kai ne mai dogon karatu. Faɗa min."

Auwalu ba ya iya ƙin maganar babba. Ya miƙe zaune, idonsa a kan titi, ya fara fassara kamar a gaban alƙali. "Hajiya, da farko ta gaishe shi. Ta ce, to, ta ce masa masoyina."

"Ta ce masa me?"

"Hajiya, haka suke ce wa kowa," in ji Sakina, muryarta a kwance lumui, abin da ya fi tsorata ni. "Ko ke in kin shiga shago haka za su ce miki. Ci gaba, Auwalu. Ni ma ina so in ji da Hausa, ko turancin ne ban gane ba."

Auwalu ya ci gaba. "Ta ce maganar ƙarin garantin da Yaya ya saya ce." Ya saci kallona. "Babban."

"Garanti ba shi ne wanda ya ce Allah ya kiyaye ba ɗazu?" in ji Hajiya. "Na matsorata?"

"Shi ne, Hajiya."

Ya fassara sauran ma, bai rage ba bai ƙara ba: takardun da ba a so madam ta gani, da aikin da ƙila ba zai kai ƙarshen shekara ba. Da ya gama Hajiya ta ce "To," kawai. Hanifa ta leƙo tsakanin kujeru ta ce min da turancinta ba a ruwa fa, Daddy, me ya sa waifa ke aiki? Auwalu ne ya miƙa hannu ya kashe min ita.

Yadda na kai mu ɗakin bikin, Allah kaɗai ya sani. Mata suka shige ɓangarensu, ni da Auwalu muka zauna a na maza. Aka ɗaura aure, aka yi addu'a, aka kawo abinci. Na kasa kai loma bakina. Na juya na ce masa, "Auwalu, ka yafe min. Na hana ka abin da ni na je na saya a ɓoye."

Ya ajiye cokali, ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har da hawaye, yana toshe baki da hula. "Yaya, wallahi ba garantin ba ne. Waifar nan ce. Ina fassara tana ƙiiƙ, ƙiiƙ." Da ya lafa sai ya ce, "Na yafe. Amma maganar aikin nan, me ya sa ka riƙe ta kai kaɗai? Ai da ko addu'a mun taya ka."

Can sai ga saƙon Sakina a waya: in zo in buɗe mata but ta ɗauki kyautar amarya. Na fita kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na same ta tsaye jikin motar, ta harɗe hannu, gwaggwaronta na ƙyalli.

"Tun yaushe?" ta ce.

Na faɗa mata. Na faɗa mata komai, har ranar labule da 'yar waƙarta.

"Baban Hanifa, ba kuɗin ne ya ɓata min rai ba. Mai sayar da mota ta san abin da ke hana mijina barci, ni da nake kwana kusa da shi ban sani ba. Har cewa take ka tsaya mata a rai. Ni ba ka ba ni damar ka tsaya min a nawa ba."

Na ce ba na son in tayar mata da hankali ne. Ta ce ita matata ce, ba baƙuwa ba, kuma albashinta ba na ado ba ne, in ta ƙara awanni a kemis za mu ci abinci mu biya haya. Ta ce aikin council ba shi ne ya kawo mu duniya ba. Sannan ta ɗan karkata kai tana kallona.

"Tsaya ma tukuna. Garantin da ka saya, yaushe zai fara aiki?"

"In na kamfani ya ƙare."

"Bayan shekara uku ke nan. Shi kuma aikin, nan da 'yan watanni za a yanke."

"Haka ne."

"To me ya haɗa su?"

Na tsaya ina neman abin da ya haɗa su, ban samu ba. Wallahi sai a wannan lokacin na lura.

"Kuma babban," ta ce, gefen bakinta ya fara rawa. "Har da tayoyi?"

"Har da fenti."

Ta juya min baya don kada in ga tana dariya, amma kafaɗunta sun tona ta.

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Ashe Hajiya, da ta zauna cikin manyan mata, ta roƙe su su sa surukinta a addu'a, aikinsa na rawa. Matan suka faɗa wa mazansu, tare da ƙarin bayanin da ban san ta ina ya fita ba. Kafin a tashi, maza na ta zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannuna, "Injiniya, Allah ya kawo mafita." Wasu su ƙara da, "Yaya garanti?" Wani dattijo mai furfura da ban sani ba ya ce shi ma aikin hanyoyi yake, a wani kamfani a nan Birmingham. Ya karɓi lambata yana murmushi, ya ce ba ya alkawari.

Washegari muka zauna ni da Sakina muka karanta sharuɗɗan garantin a kwamfuta, layi-layi, abin da ta ce mu yi tun ranar farko. Ba shirme ba ne gaba ɗaya, akwai abubuwa masu amfani a ciki. Amma mun ga ba yanzu muke buƙatarsa ba, kuma lokacin da aka ba mutum ya janye bai wuce ba. Na kira Denise (a tsaye a tsakar falo, wayar manne da kunnena) na soke. Da kuɗin suka dawo muka yanke a sa su a gyaran motar Auwalu. Ya ƙi karɓa fur, sai da Sakina ta bi ta wajen matarsa.

Aikin kuwa, ban tsira ba. Ina cikin waɗanda kujera ba ta isa ba. Na yi watanni a gida, ni ke kai Hanifa makaranta in ɗauko ta, na koyi miyar kuka a hannun Hajiya kafin ta koma, kuma duk unguwar babu motar da ta kai tawa wanki. Sakina ta ƙara awanni kamar yadda ta ce. Bashin motar bai taɓa tsallake wata ba. Abin da na ji tsoro ya zo, ya zauna a falonmu, sai na ga ashe bai kai girman da na ba shi ba tunda mu biyu ne ke kallonsa. Wata safiya dattijon nan ya kira, ya ce an buɗe gurbi a wajensu, in turo takarduna. Da na je ganawa ya gabatar da ni ga abokin aikinsa, sannan ya raɗa min da Hausa, "Na ce musu kai mutum ne mai taka-tsantsan ƙwarai." Na samu aikin. Daga baya ma Birmingham ɗin muka koma da zama.

Motar ta yi mana shekaru. Bayan garantin kamfani ya ƙare na'urar sanyaya motar ta mutu, muka biya daga aljihunmu, kuma ya yi zafi. A gaban bakanike na kalli Sakina, ta kalle ni. Har yau ban san ko sokewar ce daidai ko sayen ba, kuma na daina yi kamar na sani.

Abin da na sani shi ne, tsoro ba ya zama a cikin mutum. In ka danne shi ta baki zai fita ta aljihu, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai ka faɗa wa wani. Tunda dole ne, gara ka faɗa wa wadda kuke cin tuwo tare, kafin ka faɗa wa baiwar Allah mai kyakkyawar zuciya wadda ke da lambar wayarka kuma take aiki ranar Asabar.